Ƙananan Haruffan Shafi na Talatin

Wasa huɗu kacal aka buga da buɗe kakar bana, amma yadda ake zuzuta 'Yan Ratsi sai ka rantse sun riga sun ɗauki kofin sun kai gida. Sun buga huɗu sun ci huɗu, sun zura ƙwallo goma sha uku. Ka kunna rediyo, su ne. Ka leƙa talabijin ɗin mai aski, su ne. Wannan abu ya tsaya wa Mai Jarida a wuya, don shi tun kafin ya yi aure yake goyon bayan 'Yan Shuɗi, su kuwa bana maki biyar suke da shi, shi ma da ƙyar da jiɓin goshi.

Rumfarsa tana mahaɗar hanya, daf da inda motocin haya suke tsayawa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wurin: teburi ɗaya, benci biyu, da igiyoyin da yake rataye jaridu da maƙalen shanya. Dokarsa guda ce, kowa ya san ta. Shafin gaba da na baya kyauta ne, ka karanta har idonka ya yi ja. Amma in ka cire maƙale ka buɗe ciki, to ka saya ke nan. Masu saye a mota suke zuwa, su miƙo hannu ta taga su wuce. Masu zama kan benci kuwa, 'yan majalisar da ke taruwa kullum safe, babu wanda ya taɓa ganin cikin jarida a cikinsu. Da kanun labari suke cika baki, sauran kuma Mai Jarida ne yake ba su, don kowa ya ɗauka yakan karance jaridun tas kafin ya rataye su.

Gaskiyar magana, shekara biyu ke nan bai karanta ko layi ɗaya ba. Manyan haruffa yana ganinsu sarai. Ƙanana ne suka koma masa kamar tururuwa a kan faranti. Sai ya ƙirƙiro dabara: yana jera jaridu yana sauraron labaran safe a ɗan rediyonsa, ya haɗa abin da ya ji da kanun da ya gani, ya ƙara gishiri, magana ta zauna. Matarsa ce kaɗai ta lura. Sau uku tana yi masa maganar asibitin ido, sau uku yana ce mata idonsa ƙalau yake, masu buga jarida ne suka rage girman rubutu don tsimin takarda.

Ranar Litinin da ya kwance ƙunshin jaridu, ya juya shafin baya da sauri. Yana da dalili. Autarsa ta yi wata takwas tana aiki a sashen wasanni na wannan jarida, kuma ranar Asabar ta shigo gida da gudunta ta ce an ba ta shafin baya, karon farko. Ba da sunanta take rubutu ba, da laƙabin "Daga Gefen Fili" take yi. Shi ya sa ta yin haka tun farko, don ya sha faɗa a majalisa cewa duk ɗan jaridar wasanni a aljihun Ratsi yake, bai kuma shirya lashe amansa ba.

Ga hoton ɗan gaban Ratsi ya cika rabin shafi, baki buɗe, hannuwa a sama. A kansa an rubuta da haruffa kamar ƙofar gida: BABU MAI TARE SU BANA. A ƙasa, laƙabin 'yarsa, da "duba shafi na talatin".

Sai da ya zauna. Yarinyar da ya riƙa ɗorawa a wuyansa yana kai ta filin wasa da shuɗiyar riga har gwiwa! Ita ce yau take wa Ratsi kirari a bainar jama'a.

Bai gama haɗiye abin ba Tela ya tsallako titi daga shagonsa, abin awo rataye a wuya. Gajere ne, amma muryarsa ta fi hon ɗin mota. A bayansa ga Tsohon Gola, wanda ya tsare ragar ƙungiyar unguwa shekara goma sha biyu, yatsunsa biyu har yau a karkace.

"Kun gani ko? Kun gani?" in ji Tela, yana dukan jaridar da bayan hannu. "Wai babu mai tare su! Wasa huɗu! Da wa da wa suka buga? Biyu jiya-jiya suka hauro daga ƙaramin rukuni. Ɗaya kocinsu ya gudu ana saura kwana uku. Ta huɗun kuma alƙalin wasa ya ba su fenareti saboda iska ta taɓa ɗan wasansu."

"Ci dai ci ne," in ji Tsohon Gola, ya zauna a hankali. "Sha uku ba a tsintarsu a ƙasa."

"Mu da muka ci uku a jere bara, wa ya sa mu a shafin baya? Can ƙasa aka liƙa mu, kusa da tallan maganin sauro."

"Ai bara ta wuce. Kuma yaron nan nasu yana gudu, ko ka so ko ka ƙi."

"Gudu! Akuya ma tana gudu."

Benci ya cika, kowa na jefa tasa. Wani ya ce rediyo ma minti ashirin suke ba Ratsi, Shuɗi kuwa gaisuwa kawai. Wani ya ce in aka shiga wata na uku za a ga ƙarshen iskarsu. Can Tsohon Gola ya ɗaga karkataccen yatsansa ya ce, "Wai tsaya. A cikinku wa ya karanta cikin labarin?"

"Me za mu karanta, ga Mai Jarida a zaune?" in ji Tela. "Faɗa musu. Me wannan Daga Gefen Filin ya ce?"

Duk ido ya dawo kansa. Rediyon safe bai ce komai a kan rubutun ba, don haka ba shi da abin kamawa sai kanun nan da zafin da ke cin ƙirjinsa. Ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Yabo ne zalla, tun daga sama har ƙasa. Kai da gani ka san an cika wa marubucin aljihu."

Majalisa ta ɗauka da shewa. Tela ya ce kada a kuskura a mayar da wannan jarida kamfani, a bar ta a rataye ta zama shaida. Shi kuwa Mai Jarida tun kafin shewar ta lafa ya fara da-na-sani. Ya tashi ya gyara maƙalen da ba su goce ba, ya koma ya zauna, ya sake tashi.

Magana ba ta kwana a mahaɗa. Kafin yamma wani ya kira gidan rediyo ya ce Mai Jarida da kansa, mutumin da ya fi kowa sanin jarida a garin nan, ya tabbatar an sayi Daga Gefen Fili. Auta a ofis ta ji, abokan aikinta na kallonta.

Ta same shi a tsakar gida ya sa abinci a gaba bai taɓa ba. Ba ta ko ajiye jakarta ba.

"Baba, ka karanta?"

"Na gani."

"Ban ce ka gani ba. Ka karanta?"

"Abin da na gani ya ishe ni. Ke da na raina a cikin Shuɗi, ki rasa wanda za ki ɗaga sama sai waɗannan?"

"Kanun ba ni na rubuta ba. Edita ne yake sa kanu, ni ma da safe na gan shi kamar kowa."

"Ko ma wa ya sa, sunanki ne a ƙasa."

"Sunana?" Ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Ai kai ka hana ni sa sunana, Baba."

Ya ture kwanon. Ta tsaya tana jira ya ce wani abu game da aljihu, ko ya musa, ko ya ce an yi masa ƙari. Bai ce ba. Ta juya wajen mahaifiyarta ta ce, da murya a kwance, za ta koma gidan Yaya da zama, dama ya fi kusa da ofis. Mijin Yaya zai zo da mota ranar Juma'a da safe. Ba za ta iya kwana gida ɗaya da wanda ya yarda an saye ta ba.

Ranar Talata akwati ya fito ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta. Kullum da zai fita sai ya kauce masa, kullum kuma sai ya ji kamar akwatin ya ƙara girma.

Kwana ukun nan bai san inda ya sa kansa ba. A rumfa ya ba wani direba jaridar jiya a madadin ta yau. Ya zuba shayi ya manta har ya huce. Da rana ta take, majalisa ta watse, sai ya zare jaridar Litinin ya zagaya bayan rumfa kamar ɓarawo, ya buɗe shafi na talatin a tsakiyar rana. Ya miƙa hannu iyakar tsawonsa. Ya kawo kusa da hanci. Ya rufe ido ɗaya. Har ta gindin kofin gilashi ya leƙa, don ya taɓa ganin wani ya yi haka. Tururuwan nan dai suna nan a jere, sahu huɗu, ga kuma kalma ɗaya-ɗaya da yake cafkowa ta sake suɓuce masa.

A gida matarsa ta ce, "Baban Auta, kawo jaridar in karanta maka mana. Minti nawa ne?"

"Na ce miki ban iya karatu ba?"

"Ban ce ba."

"To me?"

"To ka zauna da taurin kanka. Jibi dai mota za ta zo." Ta kwashe kwanuka ta bar shi yana ta kai-kawo tsakanin ƙofa da taga. Yana son yarinyar nan fiye da yadda bakinsa zai iya faɗa, yana kuma tsoron a san idonsa ya tafi, don in an sani, wane ne shi a mahaɗa? Wani tsoho ne kawai mai tsaron takardu.

Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu akwai shirin wasanni da ake buɗe layi. Majalisa kan sake haɗuwa saboda shi, Tela ma yakan bar rigar mutane a ƙarƙashin allurar keke ya tsallako. Rediyo na kan teburi, mai gabatarwa ya gama gaishe-gaishensa, sai ya ce yau yana da baƙo na musamman, wanda rubutunsa ya tayar da ƙura tun Litinin: Daga Gefen Fili.

"Barkanmu da yamma," in ji muryar.

Mai Jarida ya gane muryar Auta nan take. Tela kuwa tsalle ya yi.

"Kai! Mace ce ma! Wallahi mace ce! Mai Jarida, kira su. Kira su yanzu, kai kaɗai za ka iya da ita."

"Wayata ba caji."

"Ga tawa."

"Layin nan ba ya shiga."

Ranar kuwa, kamar da gangan, bugu ɗaya ya shiga. Tela ya danna abin ƙara murya ya tura masa wayar a baki, Tsohon Gola ya rage rediyo don kada ya yi kuwwa. Mai gabatarwa na jin gyaran muryarsa ya gane shi, don mai kira ne na kullum.

"A'a! Ga babban malaminmu, Mai Jarida na mahaɗa! Ranka ya daɗe, an ce kai ka fara cewa akwai lauje cikin naɗi a rubutun nan. Ga mai rubutun a gabana. Bismillah."

Ya fara da abin da ya saba. Wasa huɗu ba kaka ba ne. Kafafen labarai sun ɗauki Ratsi sun ɗora a ka. Ƙananan ƙungiyoyi ba su da mai magana da yawunsu. Benci na ta gyaɗa kai, Tela na cewa "Faɗa mata!" Amma muryarsa ba ta da nauyin da ta saba, shi ma ya ji.

Ta bar shi ya kai aya. Sannan ta ce, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, "Na gode, ranka ya daɗe. Tunda jarida sana'arka ce, na san tana kusa da kai. Don Allah ka buɗe shafi na talatin, ka karanta wa masu sauraro jimla ɗaya da ta nuna an saye ni. Ɗaya kawai. In ka samu, yau zan ajiye aikin."

Ba ta san komai game da idonsa ba. Ita dai so take ya duba, ko sau ɗaya.

"Ta kawo kanta!" in ji Tela. Ya fizge jaridar daga igiya, maƙale ya yi tsalle. Ya tuna doka, ya laluba aljihu ya dire kuɗinta a teburi, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara goma sha biyar. Ya buɗe shafin ya shimfiɗa a gaban Mai Jarida, ya danne gefen da tafin hannu. "Karanta mata!"

Mai Jarida ya sunkuya. Motoci na wucewa, wani kwandasta na kiran fasinja, 'yan majalisa sun zagaye shi har suna tare masa haske. Zai iya ƙirƙirar jimla, ya iya wannan, shekara biyu yana yi. Amma wadda ta rubuta tana kan layi, kuma ta ɗora aikinta a kan abin da zai fito daga bakinsa.

"Mai Jarida, kana jinmu?" in ji mai gabatarwa. "Ko layin ya yanke?"

"Ina ji." Ya ɗago kai daga jaridar. "Ba na gani."

"Na'am?"

"Ba na ganin ƙananan rubutu. Shekara biyu ke nan. Ban karanta ba. Abin da na faɗa ranar Litinin, na aljihu, daga kaina na ƙago shi, haushi ne ya sa ni. Ƙarya na yi mata." Ya share gumi da hannun riga. "Auta, karanta min."

Rediyo ya yi shiru har Tsohon Gola ya jijjiga shi. Sai aka ji ƙarar takarda, sannan muryarta, tana ɗan rawa da farko.

"Wanda ya koya min kallon ƙwallo ya ce da ni, kada ki bi ƙwallo da ido, kowa ita yake bi. Ki nemi wurin da babu kowa. Ranar Asabar na bi maganarsa. Ɗan bayan hagu na Ratsi yakan tafi gaba ya manta hanyar gida. Sau bakwai na ƙirga ya bar ƙofa a buɗe. Ƙungiyoyi huɗun da suka doke babu mai ɗan wasan da ke da gudun shiga ta wannan ƙofa, shi ya sa ba a gani ba."

"Abin da nake faɗa ke nan!" Tela ya yi ihu, ya manta da komai. "Tun Litinin abin da nake faɗa ke nan!"

"'Yan Shuɗi suna da mai gudun," ta ci gaba, muryar ta fara tsayawa da ƙafarta. "Abin da ba su da shi shi ne mai miƙa masa ƙwallo. Tsakiyarsu ta tsufa. Kyaftin ɗinsu ya yi wa ƙungiya hidima, amma lokaci ya yi da zai zauna a benci, in ba haka ba..."

Mai gabatarwa ya katse ta da ban haƙuri, lokacin labaran ƙarfe biyar ya yi. Waya ta yi ɗif.

Babu wanda ya yi shewa. Tela ya karɓi wayarsa, ya dubi Mai Jarida sama da ƙasa kamar zai auna shi.

"Auta? Autarka?"

"Ita."

"Duk abin da kake gaya mana yana cikin jarida fa?"

"Rediyo ne. Da kanu."

Tela ya naɗe jaridarsa da ya saya, ya yi taku biyu zai tsallaka titi, sai ya dawo ya ajiye ta a cinyar Mai Jarida ba tare da ya dube shi ba. Sauran suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai Jarida ya san gobe in gardama ta kaure ba shi za a juyo a tambaya ba, wataƙila har abada, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Tashi ka tafi gida," in ji Tsohon Gola. "Ni zan kwashe maka kayan."

Bai jira mota ba, da ƙafa ya tafi, yana sauri kamar ana binsa. Matarsa tana tsakar gida, rediyonta a kan kujera. Akwatin yana nan a bakin ƙofa. Ya kama hannunsa ya ɗaga, ya ji nauyinsa har cikin ƙugu, littattafai ne fal. Ya ja shi ya mayar cikin ɗakinta, ya tura shi can gindin gado. Sannan ya fito ya zauna, jarida a buɗe a gwiwarsa. Ya tashi ya leƙa waje. Ya dawo. Ya sake leƙawa. Mayar da akwati ba shi ne zamanta ba, ya sani, tana iya sake jawo shi.

Rana ta kusa faɗuwa ta shigo. Ta dubi bakin ƙofar ɗakinta, ta dubi mahaifiyarta, sannan ta dube shi, ta daɗe tana kallon idanun nan da ba ta taɓa lura sun canza ba. Ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta jawo kujera kusa da shi ta zare jaridar daga gwiwarsa.

"Gobe da safe motar mijin Yaya asibitin ido za ta kai mu," ta ce. "A ina muka tsaya?"

Ya gyara zama.

"Wajen kyaftin," ya ce. "Inda kika fara shirme."